Taku Uku na Taguwa Gimbiya

An ruwaito a cikin wani tsohon littafi, wanda na tarar a gafakar kakana gara ta ci gefensa, cewa a zamanin da an yi wani sarki a Birnin Darazma ana ce da shi Sarki Mu'allayidi. Wannan sarki adali ne, amma yana da wani hali da ya gallabi fadawansa. Ba a kawo masa ƙara ya yanke hukunci ya tashi kamar sauran sarakuna. Sai ya tono tambayar da ke ƙarƙashin ƙarar, ya jefa wa 'yan majalisa, ya jingina yana murmushi yana kallonsu suna zufa. Sau da yawa tuwon fadawa kan huce a gida saboda wannan hali nasa.

An ce a wannan birni akwai wani falke mai suna Tanimu, wanda yake bin ayari zuwa arewa yana sayo gishiri da dabino. Dukiyarsa ba ta taka kara ta karya ba, amma yana da wata taguwa ja, doguwa, mai farin goshi, wadda ya sa wa suna Gimbiya saboda yangarta. Ba ta cin ciyawar da aka taka, ba ta shan ruwa sai ya kwanta, in kuwa baƙo ya taɓa ta sai ta dube shi sama da ƙasa kamar ya zo roƙo. Shekara goma sha ɗaya suna tare. Sau biyu guguwar rairayi ta ɓatar da Tanimu a hamada, sau biyu Gimbiya ta kai shi bakin ruwa. Yana sonta ƙwarai, ba ya kuwa ɓoyewa.

To, fataken Darazma suna da wata al'ada tun kaka da kakanni. Duk rijiyar da aka sauka, madugu, wato shugaban ayari, shi ke fara sha kafin kowa ya jiƙa maƙogwaro. Amma ranar da aka tarar rairayi ya toshe rijiya, shi ne zai tuɓe ya shiga ya yashe ta da hannunsa. Akan ɗaura masa igiya a ƙugu, a ɗora ta bisa gungumen bakin rijiya, a ɗaure ɗaya bakin a ɗamarar ƙirjin raƙumi. In raƙumin ya ja da baya a hankali, mutum ya sauka. In ya yi gaba, mutum ya hau. Ran madugu ke nan a ƙafafun dabba.

Madugun wannan zamani kuwa Jatau ne, wani ƙato mai ƙarar murya da saurin hannu, ƙanen Waziri Sambo. Wata shekara suna dawowa da gishiri, suka sauka da hantsi a Rijiyar Gaba Talatin, wadda ta samo sunanta daga zurfinta, ƙishirwa ta ci su kwana uku, suka tarar rairayi ya toshe ta. Jatau ya tuɓe. Da aka jawo Gimbiya don ta riƙe igiya, sai fuskarsa ta canza, ya ce a nemo wani raƙumin. Fatake suka ce, "Haba Madugu, sauran duk ƙishirwa ta kashe musu gwiwa, ita kaɗai ce a tsaye." Ya haɗiye maganarsa, ya shiga.

Tanimu ya riƙe akala, ya ja da ita baya sannu sannu har Jatau ya kai ƙasa. Aka yi ta fid da rairayi da guga, can sai ruwa ya ɓuɓɓugo, ayari ya kaure da kabbara. Tanimu ya ja Gimbiya gaba, Madugu yana hawa. Saura gaba biyar ya fito, sai ya ɗaga muryar nan tasa ya daka tsawa, "Ku yi sauri mana, ragwaye!"

Gimbiya ta tsaya cak. Kafin Tanimu ya waiwayo ta fizge akala, ya faɗi rub da ciki, ta ja da baya. Igiya ta zurare, aka ji tim daga cikin rijiya, aka ji ihu, ƙura ta turnuƙe, mutane suka yi rububin kama igiya. Da ƙyar aka jawo Jatau, ya bugu da bangon rijiya ƙafarsa ta dama ta karye. Da ƙura ta lafa aka ga Gimbiya a durƙushe tana nishi. Madugu kuwa tun bai gama numfashi ba ya nuna Tanimu ya ce, "Shi ne! Shi ya ba ta umarni. Madugancina yake so!"

Dokar Darazma a kan wannan a fili take. Wanda ya ci amanar abokin tafiya a bakin rijiya, sare kansa ake yi. Dabbar da ta cuci mutum don kanta kuwa, yanka ta ake yi. Aka ɗaure Tanimu, aka taho da shi da taguwarsa, bayan kwana arba'in aka gurfanar da su a fada.

Sarki ya saurari Madugu, wanda ya zo yana dogara sanda. Ya saurari fatake, kowa ya ce ƙura ya gani. Sai ya jingina, murmushin nan ya bayyana, fadawa suka dubi juna suka san yau ma tuwo zai huce.

Sarki ya ce, "Ya ku jama'a, ga tambayata. Shin dabba tana zaɓe tsakanin alheri da sharri, ko kuwa hannun da ke riƙe da akala ne yake zaɓar mata? In ba ta zaɓe, to falken nan ne ya yi nufin kisa, kansa zai bar wuyansa. In kuwa tana zaɓe, shi ba ruwansa, wuƙa ta hau wuyan taguwa." Ya dubi Tanimu ya ce, "Kai falke, ƙofa ɗaya a buɗe take gare ka. Ka ce taguwarka ce ta yi nufin kashe Madugu, a kwance ka yanzu ka tafi gida."

Tanimu ya faɗi ya yi gaisuwa. Ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, wallahi ban umarce ta ba. Amma ba zan iya cewa Gimbiya mai kisa ce ba. Shekara goma sha ɗaya tana ɗauke da ni. Sau biyu na mutu a hamada ta dawo da ni. In na ba da wuyanta don in fanshi nawa, da wane ido zan dubi kaina?"

Wasu suka ce wawa ne, wasu suka share ƙwalla. Ni dai duk lokacin da na kawo wannan wuri a karatu, sai na ajiye littafin na numfasa.

Waziri Sambo ya gyara zaman rawaninsa ya ce, "Allah ya ba Sarki nasara, amsar ba ta da wuya. In an yi mini izini, in ba da wani labari."

Sarki ya ce, "An yi maka, Waziri."

Waziri ya ce, "An ce a wani gari an yi wani gardi mai wasa da kura, ya yi shela cewa kurarsa ta shiryu, har azumi take yi. Duk ranar kasuwa cikin watan azumi sai ya cire mata takunkumi da rana tsaka, ya ajiye cinyar akuya a gabanta. Kura ta sunsuna, ta kau da kai, ta kwanta kamar tsohuwa mai lazimi. Maza su yi ta kabbara, mata su yi ta guɗa. Da an kira magariba ya miƙa mata nama, ta lamushe har ƙashi. Sarkin Pawan garin, wanda ya san kura sarai, ya ce shi bai yarda ba. Wata rana ya ɓoyo tasa cinyar cikin riga, ya kutsa taro, ya jefa mata. Ranka ya daɗe, kafin masu kabbara su rufe baki mai azumi ta haɗiye ta, tana lashe ƙasa! Ashe gardin nan ya shekara yana jiƙa naman rana cikin ruwan maɗaci, har kura ta gane duk naman da ya fito daga hannunsa da rana ɗaci ne. To, haka dabba take. In ka ga ta yi kirki, nemi maɗacin. In ka ga ta yi tsiya, nemi hannun da ya sa ta. Ga hannun can a ɗaure."

Fadawa suka ce, "Gaskiya ne, Waziri!" Hauni, mai sare kai, ya fara shafa takobinsa.

Ana cikin haka sai aka ji hayaniya a zaure. Dogarai suna kokawa da wani tsoho siriri, ba takalmi, ƙura ta yi masa buɗu-buɗu har gira, yana cewa, "Ku sake ni! Kwana arba'in na yi ina bin sawun ayarin nan da ƙafa, ba ku ne za ku tare ni a ƙofa ba!" Sarki ya ce a bar shi. Tsoho ya shigo ya faɗi ya yi gaisuwa.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, sunana Nomau. Ni ke kula da Rijiyar Gaba Talatin, kamar yadda ubana ya kula da ita. Ban iya karatun takarda ba, amma na iya karatun ƙasa. Na ji labarin Waziri daga zaure, ya yi daɗi. Ni ma ina da nawa."

Idon Sarki ya yi haske. Ya ce, "Kawo, Baba."

Baba Nomau ya ce, "An ce, kuma ni na gani da idona, ubana yana da takarkarai biyu da yake jan ruwa da su, Ɗan Fari da Ɗan Baƙi. Uwarsu ɗaya, kwamin ruwansu ɗaya, sanda ɗaya ta hore su. Shekarar da aka yi babban fari, wani ayari ya yar da tsohon jaki makaho a bakin rijiyarmu. Ruwa ya yi ƙaranci, kowace dabba ƙwarya biyu take samu a yini. Jakin nan ya lallaɓo yana bin ƙanshin ruwa. Ɗan Baƙi ya sa ƙaho ya ture shi. Ɗan Fari kuwa sai ya shiga tsakani, ya ba ɗan'uwansa baya, ya tsaya harshe a waje har makaho ya sha ya ƙoshi. Kullum haka, har damina ta faɗi. To, Waziri, hannu ɗaya ne ya rene su. Ina maɗacin?"

Waziri ya yi dariya ya ce, "Baba, wannan ai halitta ce. Wani an halicce shi da sanyi, wani da zafi. Barkono bai zaɓi yaji ba, zuma ba ta zaɓi zaƙi ba. Dabba ko ta bi hannu, ko ta bi halittarta. Babu na uku."

Baba Nomau ya tafa hannu ya ce, "Madalla! Hannu da halitta. Mu fara da hannun. Allah ya ja zamanin Sarki, na ga wata tsohuwar rijiya busasshiya a ƙofar fada. A kulle Tanimu a kurkuku, Waziri da kansa ya riƙe akala, a sake zura Madugu da igiyar Gimbiya. Tun da hannu ne ke zaɓa, ga hannun yayansa. Me zai ji tsoro?"

Kowa ya juya ga Jatau. Ƙaton nan ya ja da baya. Ya ce, "A'a! Ba da ita ba! Ko wane raƙumi, ban da ita!"

Sarki ya tashi zaune sosai ya ce, "Don me, Madugu? Me ke tsakaninka da taguwar wani?"

Jatau ya dubi yayansa, ya dubi ƙasa, ya ga ba mafita. Ya ce, "Ranka ya daɗe, shekara uku da suka wuce Gimbiya ta haihu a hanya. Ranar da Tanimu ya shiga gari sayen dabino, na yi manyan baƙi, ba ni da abin yanka. Na kama ɗanta na yanka musu. Tana ɗaure da dabaibayi, taku goma tsakaninmu, tana kallo. Da Tanimu ya dawo na ce masa zaki ne ya ɗauke. Tun ran nan duk inda ta ji muryata sai ta daina tuƙa. Da ta sake ni a rijiya na san dalili, amma in na ce ita ce, sai a tambaye ni don me. Shi ya sa na ɗora wa Tanimu."

Fada ta ɗauki salati. Tanimu ya kifa kai yana kuka, don ya tuna yadda taguwarsa ta yi kwana bakwai tana kuka ba ta ci ba, shi kuwa yana ta tsine wa zaki. Sarki ya ce a kwance shi nan take.

Waziri, kunya ta kama shi, amma bakinsa bai mutu ba. Ya ce, "Falke ya kuɓuta, na yarda. Amma riƙo a zuci halittar raƙumi ne, kowa ya sani. Ta bi halittarta ta nemi ran mutum, doka kuwa ta ce a yanka ta. A kira mahauta."

Tanimu ya ruga ya rungume wuyan Gimbiya a tsakar fada yana cewa, "A mai da ni cikin igiya! A sare ni, a bar ta!" Dogarai suka ɓamɓare shi da ƙyar.

Baba Nomau ya ɗaga murya ya ce, "A dakata! Saura halittar, ai ban gama ba. Ranka ya daɗe, da ayari ya tashi na je na karanta ƙasar. Na ga sawu uku na ja da baya, manya, masu zurfi, na mai fushi. Da ta ƙara tafiya, da Madugu ya kai ƙasan rijiya gaba talatin, da sai dai a kwaso shi a buhu. Amma bayan taku na uku, sai na ga ramuka biyu inda ta kafa gwiwoyinta. Na ga jan ƙasa kamu huɗu inda nauyin ƙaton nan ya ja ta. Na ga jini a kan rairayi. A ɗaga ɗamarar ƙirjinta a gani!"

Aka ɗaga. Ga wani dogon tabo ya ratsa ƙirjin taguwa daga kafaɗa zuwa kafaɗa, inda igiya ta yanka nama. Ga gwiwoyi biyu sun ɗaye, sabuwar fata ta fara fitowa.

Baba Nomau ya ce, "Raƙumin da aka ce ya durƙusa, a hankali yake durƙusawa, ba ya ɗaye gwiwa. Ba wanda ya ce ta saki, ba wanda ya ce ta riƙe, akala tana ƙasa. Ta sake shi taku uku, sa'an nan ta fasa, ta tare shi da ƙirjinta. To, Waziri, ka taɓa jin barkonon da ya fara yaji ya fasa a tsakiyar harshe?"

Jatau ya ce cikin ƙaramar murya, irin wadda ba a taɓa jin sa da ita ba, "Gaskiya ne. Ina faɗowa na ji igiya ta tsaya, na ji nishinta daga sama. Mutane sai daga baya suka kama. Na san wanda ya riƙe ni, na ɓoye."

Waziri ya ce, "Allah ya ba Sarki nasara, sawu iska ta share, tabo kuwa ba ya magana. Watakila tuntuɓe ta yi. Wadda ta saki sau ɗaya za ta sake saki."

Sarki ya miƙe tsaye, abin da bai saba yi a majalisa ba. Ya ce, "To, a tambaye ta! Ga rijiya a ƙofar fada, gaba ashirin. In ta fid da mutum ba hannun kowa a kan akala, ta kuɓuta. In ta sake shi, a yanka ta. Wa zai shiga?"

Tanimu ya yi tsalle ya ce, "Ni!"

Sarki ya ce, "Ban da kai. Fid da masoyi ba ya amsa tambayata."

Fadawan nan masu cika baki kowa ya shiga gyaran riga. Can sai aka ji ƙwas, ƙwas, ƙarar sanda. Jatau ne ya fito tsakiya yana kwance rawani.

Waziri ya kama hannunsa ya ce, "Jatau, ka haukace? Da karyayyar ƙafa?"

Jatau ya ce, "Yaya, sake ni. Shekara ashirin ina shan ruwan farko. Shiga tawa ce."

Kafin a ce haka labari ya game gari. 'Yan kasuwa suka bar rumfuna, masu rini suka zo hannu shuɗi, mata suka hau katanga, ƙofar fada ta cika ba masaka tsinke. Jatau ya je gaban Gimbiya ya jingina da sanda ya ce, "Na cuce ki, na kuma cuci ubangidanki. Ban zo da abin da zai mai da miki ɗanki ba." Gimbiya ta daina tuƙa, ta kau da kai gefe, kunnuwanta a kwance. Babu wanda ya ga alamar yafiya a wannan fuska.

Dogarai suka zura Jatau da hannu har ƙasa, suka ɗaure igiya a ɗamararta, suka naɗe akala a wuyanta, suka ja gefe. Tanimu yana can bayan dogarai an hana shi ko da tari, ya cusa bakin riga a baki yana cizo. Daga can ƙasa muryar Madugu ta fito, "Ja!"

Gimbiya ba ta motsa ba. Aka jira, aka jira, har Sarki ya fara murza gemu. Sai ta ɗaga ƙafa ta yi gaba. Taku ɗaya, biyu, goma, igiya tana kuka a kan gungume, taro yana ƙirgawa da ita cikin raɗa. Saura kaɗan kan Jatau ya bayyana, sai karyayyar ƙafarsa ta bugi bango, ya ƙwalla ƙara da muryar nan tasa, "Wayyo!"

Ta tsaya cak.

Jama'a, ta ɗaga ƙafar baya ta dama, ta miƙa ta baya! Ta riƙe ta a sama, ba ta ajiye ba. Jikinta duka yana karkarwa, tsohon tabon nan ya tsage, jini ya fara bin ƙirjinta. Wata mata a kan katanga ta rufe ido, Waziri ya durƙushe yana salati, Hauni ya manta da takobinsa har ya suɓuce masa ya faɗi ƙasa. Mutum dubu suna kallon ƙafa ɗaya, ba mai numfashi.

Sai ƙafar ta dawo a hankali, ta wuce, ta sauka gaba. Ta ƙara taku, ta ƙara, ta ƙara, sai ga kan Jatau, ga kafaɗu, ga shi kwance a bakin rijiya yana haki!

Gari ya ɗauka da sowa, makaɗa suka saki ganguna ba wanda ya sa su. Tanimu ya ture dogarai biyu ya ruga. Jatau ya rarrafa zuwa gaban taguwa hawaye na zuba, ya miƙa hannu zai shafa ta. Gimbiya ta dube shi sama da ƙasa, ta tattaro abin da ke cikinta, ta fesa masa kore shar a fuska, ta juya ta tafi wajen Tanimu da yangarta.

Sarki ya yi dariya har rawaninsa ya karkace. Ya ce, "Ta ba shi ransa, amma ba ta ba shi zumunci ba, kuma ta yi daidai!" Da ya natsu ya ce, "Ku ji hukuncina. Ban ce za a yi wa dabba hisabi irin namu ba, wannan ilmin yana wurin Wanda ya halicce ta. Amma yau na ga ƙafa ta tashi za ta yi baya, ba hannu a kan akala, ba maɗaci a gabanta, ta koma gaba. In wannan ba zaɓe ba ne, ban san sunansa ba. Waziri, me ka gani?"

Waziri Sambo ya ce, "Na ga ƙanena da rai, ranka ya daɗe. Na janye kurata."

Sarki ya sa aka yafa wa Baba Nomau alkyabba, ya naɗa shi Sarkin Rijiyoyin ƙasar duka, ya ce a ba shi takalmi kuma, ko da yake an ce har ya mutu bai sa ba. Ya ba Tanimu madugancin da aka yi masa ƙazafin nema. Jatau kuwa aka sa ya kawo ɗan raƙumi maraya ya ajiye gaban Gimbiya, ta yi kwana uku tana hararsa, rana ta huɗu ta bar shi ya sha nono. Daga ƙarshe Sarki ya sauya al'adar ayari. Ya ce daga ran nan madugu zai ci gaba da shiga rijiya, amma ruwan farko na dabbar da ta riƙe igiya ne. An ce Tanimu da hannunsa yake tara mata, ya tsaya yana jira har ruwan ya kwanta, ayari duka suna bayanta da ƙishirwarsu.

A nan gara ta cinye sauran shafin, sai dai kakana ya yi ɗan rubutu a gefe da hannunsa, shi ne zan rufe da shi. Ya ce mu 'yan Adam muna alfahari da hankali, muna cewa dabba ba ta san komai ba, alhali ja da baya taku uku kowa ya iya shi in an cuce shi. Tsayawa a na huɗu, igiya tana yanka ƙirjinka, wanda ya cuce ka yana rataye a hannunka, shi ne abin da ya yi shekara tamanin yana nema wurin mutane, ya same shi wurin taguwa. Allah ne Masanin abin da ke cikin zukatan bayinsa, masu ƙafa biyu da masu huɗu.